Kashi Na Uku Yana Sabuwa

Idan wata rana aka zauna rubuta tarihin ilimi a kudancin ƙasar Katsina, aka jero manyan malamai da masu duba makarantu da waɗanda suka ba da fili aka gina aji, amma aka manta da reza, to a sake zama, don ba a rubuta komai ba. Ni shaida ne. A shekarun da kuɗin man fetur suka malalo har ƙauye, lokacin da kowane mai albashi ya sayi rediyo mai kaset da agogon da ya fi hannunsa nauyi, reza ce ta riƙe karatunmu, mu uku, malaman firamare da aka watsa kamar iri: ni a Pauwa ta wajen Ƙanƙara, ɗaya a Faskari, ɗaya can Sabuwa.

Tare muka gama makarantar horon malamai, kuma cuta ɗaya muka kwaso daga can, wato karatun littattafan Turanci na binciken kisa da na tsoro. Ba tsoron aljani ko fatalwa ba, wannan muna da shi a gida kyauta. Irin tsoron nan nake nufi da ba a nuna maka dodo ko sau ɗaya, sai dai mutum ya zauna a ɗakinsa da rana tsaka ya fara shakkar ko shi ne ya buɗe taga ko wani. Littattafan kuwa sai an je Funtua ko Zariya wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, kuma ba kullum ake dacewa ba. In ɗayanmu ya samu, sauran biyun ba su da haƙurin jira ya gama. Shi ya sa muka kafa doka. A kifa littafi, a bi bayansa da reza a raba shi uku, a ɗinke kowane kashi da zare, kowa ya ɗauki ɗaya. Wanda ya gama nasa ya ba direban motar kasuwa ya miƙa gaba. Sannan ba mai gaya wa wani ƙarshen labari, ko da rantsuwa aka haɗa shi da ita.

Ba sai na faɗa ba, mutum ɗaya ne kawai a cikinmu yake fara littafi daga farko. Na Faskari ya saba tarar da gawa ta riga ta yi sanyi, bai san mai ita ba, bai san dalilin da ya sa kowa yake hararar juna ba. Na Sabuwa kuwa da bakinsa ya roƙi a riƙa ba shi ƙarshe, wai ya fi jin daɗin karatu irin na alƙalin da ya gama yanke hukunci a zuciyarsa, yana sauraren shaidu don nishaɗi. Ni na fi su rauni. Ina son a ja ni a hankali, a ruɗe ni, a sa in zargi mai aikin lambu da likita da matar limamin coci, in ji kunya a shafi na gaba. Kuma ba na iya zama in littafi ya yanke mini a tsakiya. Sai in kasa cin tuwo, in riƙa leƙa hanya, in ji ƙarar kowace mota kamar sunana take kira.

A gidan wani dattijo aka sauke ni, a shagon da ke jikin zaure. Baba nake ce masa, kamar kowa. Manomi ne, ya rage noma sai ɗan kewaya gona, aikinsa bayan la'asar shi ne ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida yana tufkar igiyar rama. Nan nake fito da kujerata in zauna da littafi. Wata rana a farkon damina ya tambaye ni me yake cikin takardar nan da nake ɓata mata fuska kamar ta ci mini bashi. Na ce labari ne. Ya ce in ba shi ya ji. Da wasa na fara, ina karanta shafi in juya masa da Hausa, ina rage abin da bai kamata dattijo ya ji daga bakin yaro ba.

Littafin da ke hannuna a lokacin, kashin farko ne na labarin wata mata a ƙasar sanyi, a wani babban gida a bakin teku, ita da mijinta da ƙanwarsa da masu aiki. Sai ta ajiye makulli a kan tebur ta same shi a cikin tulun gishiri. Sai ta rufe ƙofa ta dawo ta tarar da ita a buɗe. Sai a ce mata jiya ta faɗi kaza, ita ba ta tuna ba. Kowa a gidan yana yi mata magana a hankali, da tausayi, irin tausayin da ya fi zagi ciwo. Marubucin gwani ne. Bai taɓa cewa ga mai yi ba, bai taɓa cewa babu mai yi ba, ya bar ka kana lilo. Na sha karanta littafin da ya fi shi jini, amma ban taɓa karanta wanda ya sa na duba aljihuna don in tabbatar allin da na sa yana nan ba sai shi.

Ban lura da wuri ba cewa Baba ya daina tufka in na zo wajen matar nan. Na ɗauka gwanintar fassarata ce.

Matar Baba, wadda muke kira Inna, ita kaɗai ta rage masa, tun suna yara suke tare. Ita ce take aiko mini da fura kullum da rana. A shekarar nan ne furar ta fara zuwa sau biyu, wata rana kuma ba ta zo ba sam. Aka tsinci ludayinta a cikin rumbu. Ta zuba wa miya gishiri, ta juya ta sake zubawa, ta yi faɗa da matar ƙaramin ɗanta wai ita ce ba ta iya girki ba. Wata safiya ta je rijiyar da ta yi shekara da shekaru tana ɗibar ruwa, ta tsaya a bakin hanya da tulu a ka tana tambayar mutane ina ne gidan Baba. An yi rubutu an sha, an yi hayaƙi, an je wajen wani Bamaguje a bayan gari da ya san itatuwa. Wani lokaci sai ta yi kwanaki garau, ta gaishe ka da sunan garinku, ta tambayi lafiyar mahaifiyarka, har ka ce sharri ake yi mata.

Da kashi na biyu ya iso daga Faskari, Baba ya fi ni ɗoki. A nan ne wani tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya ya shigo labarin, maƙwabcinsu, mai yawan tambaya. Baba bai so shi ba da farko. Ya ce mutumin ba shi da ladabi, ya shiga gidan mutane ba sallama yana buɗe tukwane. Amma da ɗan sandan ya ce wa matar kada ta yarda a kai ta ko'ina sai ya dawo, Baba ya ajiye igiya ya ce wannan ɗan halas ne. Kashi na biyu ya ƙare a daidai inda motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidan, mijin yana kuka, ɗan sandan bai dawo ba. Rezar ta bi ta tsakiyar jimla. Rabin jimlar yana hannuna, rabi yana Sabuwa.

Kuma daga Sabuwa shiru. Na aika wa na Faskari, ya aiko direba ya ce shi ma jira yake, ba a turo masa komai ba tun kafin shuka. Na aika Sabuwa sau ba adadi. Direba ɗaya ya ce bai same shi ba, wani ya ce ai malamin nan ya bar koyarwa, ya zama ɗan kwangila. A shekarun nan wannan ba labari ba ne. Mutum sai ya kwana yana koyar da jam'i da tilo, ya tashi yana gina kwalbati.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga babban ɗan Baba. Shi ma arzikin zamanin ya taɓa shi, yana kai yashi da tsakuwa inda ake gine-gine a birni, ya je Makka, ya sayi a-kori-kura sabuwa. Alhaji ake ce masa. Ba mugu ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Ya ji labarin rijiya, hankalinsa ya tashi, ya nemi wuri a wani asibiti na masu taɓin hankali a birni, ya aiko cewa ranar Lahadi bayan azahar zai zo ya tafi da Inna. Matsalar ita ce shi ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In suna zaure ɗaya, sai Baba ya dubi wani ya ce a gaya wa wancan kaza, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ba wanin amsa. Da irin wannan kunya ana iya sallama da ban gajiya. Ba a iya gardama da ita.

Ranar da saƙon ya zo, Baba bai fito da igiya ba. Ya bari na zauna, sannan ya ce, "Malam, sauran littahin nan hwa?"

Na ce yana Sabuwa.

"Ka tahi ka ɗauko shi. In wancan ya zo, ka karanta mishi inda aka gane ba hauka ba ne. Ka hwaɗa mishi da Turanci, shi yanzu abin Bature shika ji. Sannan ka juya da Hausa, don in tabbata ba ka rage ba."

Na yi masa bayani iyakar iyawata, da muryar da nake koyar da 'yan aji shida. Na ce Baba, wannan ƙagaggen labari ne, wani mutum ne ya zauna a ɗakinsa ya shirya shi don a saya, matar nan ba a taɓa haihuwarta ba. Ya dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya yi wayo fiye da shekarunsa. A wajen Baba littafi littafi ne. Ya ga alƙali ya buɗe littafi ya raba gado, ya ga liman ya buɗe littafi ya kashe gardamar da ta yi shekara. Bai taɓa ganin an buɗe littafi an ce wasa ake yi ba.

Ya ce, "Wa za ya ɓata takarda mai yawa haka bisa ƙarya?"

Na ce to in ƙarshen ya nuna haukan ne fa? Ni ma ban sani ba. Ya ce shi ya sani, don matar kullum tana tambayar kanta ko ta zautu, kuma shi a rayuwarsa bai taɓa ganin zautacce yana wannan tambaya ba. Tsohuwa ma, in ji shi, haka take yi, in ta dawo hayyacinta sai ta kama hannunsa ta ce me ya same ta. Ba ya neman a ce ta warke. Abin da yake so a bar masa ita zuwa kaka, ta ga an shigo da dawa, don ya lura hankalinta ya fi kwanciya in gida ya cika da aiki. Waɗanda ya sani an kai birni, in ji shi, ba ya tuna wanda ya dawo ya gane ƙofar ɗakinsa.

Ni dai ban yi zaton akwai mai ɗauke ludayin Inna ba, ko da yake karatu ya ɓata ni har na yi kwanaki ina lura da matar ƙaramin ɗan, na kuma sallame ta don rashin hujja. Amma na san Alhaji ajin firamare kaɗan ya yi, yana girmama Turanci kamar yadda ake girmama abin da aka kusa samu aka rasa. Na ce a raina mai yiwuwa shafi biyu da murya mai nauyi su saya wa Baba wata biyu. Ban da haka, ina son sauran jimlar nan kamar in mutu. Ba zan ce wanne ya fi tura ni ba, tare suka sa ni a mota.

Ranar Juma'a da aka tashi daga makaranta na kama hanya. Daga Pauwa zuwa Ƙanƙara a bayan motar hatsi. Daga Ƙanƙara zuwa Sheme a motar da sai ta cika take tashi, kuma ba ta cika sai direba ya gama hira. A Sheme na tsaya bakin titi ina cin gasasshiyar masara ba don yunwa ba, don dai hannuna ya sami abin yi. Manyan motoci suna wucewa da siminti da kwanon rufi da buhunan shinkafar waje, duk ƙasar tana gudu zuwa wani wuri, ni kaɗai nake tsaye. Na zauna, na tashi, na ƙirga ɓawon masara na bari. Na fito da kashi na biyu na sake karanta rabin jimlar, ko za ta ji tausayina ta ƙarasa kanta.

Ta Funtua na bi, na gangara Dandume, hanya duk caɓi. Ana kiran magariba na shiga Sabuwa. Abokina ba ya nan. Iyalinsa suka ce yana Damari, yana gina azuzuwa, can yake kwana. Na tambaya ko sun ga wasu takardu ɗinkakku da zare, suka ce takardunsa ba mai taɓawa. Na kwana a ɗakin baƙi, ko in ce na kwanta.

Da safe na sami mai babur ya kai ni Damari. Na tarar da abokina a cikin ajin da ba rufi, ya yi ƙiba, yana yi wa magina faɗa da irin kalmomin da da yake dukan yara in sun faɗa. Ya rungume ni, ya ce wace iska ta kawo ni. Da na gaya masa, ya yi dariya har ya dafa bango.

Ya ce, "Kai har yanzu kana nan kana neman wanda ya kashe wa? Mutane suna neman wanda zai sa hannu a takardar biya."

Na ce na ji, ina kashi na uku? Ya yi tunani mai tsawo, abin da ya tsorata ni fiye da duk abin da na taɓa karantawa. Can ya ce yana jin yana gida. Bai ma karanta ba, wai ba lokaci. Amma sai ya sallami magina, sai mai kawo katako ya zo, sai an yi azahar, sai an ci abinci. Na bi shi daga wannan aji zuwa wancan kamar mai neman aiki. Ya yi mini tayin in bar alli in zo in riƙe masa ma'aikata, na ce zan yi shawara, don kada in ɓata masa rai kafin in karɓi abina.

Sai bayan la'asar muka koma Sabuwa a motarsa. Kashi na uku yana falonsa, a ƙarƙashin ƙafar sabon firij mai aiki da kananzir, don daɓen bai daidaita ba. Muka ɗaga firij mu biyu, ya cusa wani tsohon littafin lissafi a madadinsa. Ƙafar ta huda shafukan farko, amma rubutun yana karantuwa.

A motar Dandume na fara, a tsaye kusan, an matse ni tsakanin buhun barkono da wani mai kaji. Na sami sauran jimlata. Ba wata jimlar kirki ba ce, cewa kawai ta yi direban motar asibitin ya sauko ya cire hularsa. Amma daga nan marubucin ya saki linzami. Ɗan sandan ya dawo da ƙaramar kwalba a aljihu. Ƙanwar mijin ce. Ita ce take ɗiga wa matar magani a madara, ita ce take bin ta a baya tana sauya wa kaya wuri, saboda gidan na matar ne, in an kulle ta zai koma hannun ɗan'uwanta. Duk alamun suna nan tun kashin farko, a gabana, na bi ta kansu ina zargin mai aikin lambu. Wannan shi ne daɗin da wanda bai karanta irin littattafan nan ba ba zai gane ba, a yaudare ka da gaskiya, ka gode. Na rufe shafin ƙarshe na ce madalla da ƙarfi, mai kaji ya amsa da amin.

Ruwa ya tare mu kafin Funtua, mota ta kafe, muka sauka muka tura, na cusa takardun cikin riga don kada su jiƙe. A tashar Funtua na kwana. Ban damu ba, Alhaji sai bayan azahar, ina da safiya guda a hannu. A motar Sheme da ta Ƙanƙara na shirya karatuna. Na zaɓi shafukan da zan karanta, na ja layi a ƙarƙashin inda likitan cikin labarin ya amsa cewa ya yi gaggawa. Na gwada muryar da zan yi, ba ta wa'azi ba, ba ta roƙo ba, irin ta mai karanta labarai a rediyo. Na shirya inda zan tsaya in dubi Alhaji, da inda zan yi shiru in bar Turanci ya yi aikinsa. Har amsar da zan ba shi na tanada in ya ce ai wannan a Ingila ne.

Da hantsi na sauka a Pauwa, wandona duk laka. A ƙofar gida na ga sawun taya a cikin taɓo, na dube shi da idon mutumin da ya karanta littattafan bincike fiye da kima, na yanke cewa motar taki ce. Baba yana zaune a kan buzunsa. Na gaishe shi a gurguje, na zaro takardun daga riga na ɗaga masa.

Na ce, "Baba, na samo. Ba hauka ba ne. Ƙanwar mijin ce take zuba mata magani."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Ai na hwaɗa maka." Ya sa na ba shi labarin tun daga zuwan motar asibitin har inda matar ta koma ɗakinta ta buɗe taga da hannunta. Ya tambaya ko an hukunta ƙanwar, na ce an hukunta ta. Ya ce to alhamdu lillahi. Na ce yanzu sai mu jira Alhaji, na riga na san inda zan fara.

Sai a nan na ji cewa Alhaji ya sami aikin kai yashi ranar Lahadi, saboda haka tun jiya Asabar ya zo ya tafi da Inna.